Akromegali: Me Ya Sa Alƙaluman Yawan Masu Cutar Suke Saɓa wa Juna?

Idan aka tambayi likita ko mutum nawa ne ke ɗauke da cutar akromegali, wadda yawan sinadarin girma a jiki ke haddasawa, amsar da za ta fi saurin fitowa daga bakinsa ita ce wadda ya karanta tun yana ɗalibi, wato mutum 40 zuwa 70 a cikin kowane miliyan ɗaya. Amma duk wanda ya bi diddigin binciken da aka gudanar ƙasa-ƙasa zai tarar da alƙaluman da suka yi hannun riga da juna. Rajistar ƙasar Meksiko ta ba da mutum 18 a miliyan, ta Koriya ta Kudu ta ba da kusan 28, ta Denmak 85, wani yanki na Beljiyam ya ba da kusan 125, Aisland ta haura 130, sannan wani gwajin jini da aka yi a Jamus ya fitar da fiye da 1,000. Tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma akwai tazarar da ta wuce ninki hamsin, alhali cutar ɗaya ce, kuma halittar jikin ɗan Adam ɗaya ce. A nawa ganin, kaso mafi tsoka na wannan tazara ya samo asali ne daga yadda aka yi ƙirgar da kuma wanda aka ƙirga, kuma fahimtar hakan tana da muhimmanci ƙwarai ga ƙasashe irin namu, inda kalmar "cuta ce da ba kasafai ake samunta ba" take saurin rikiɗewa ta koma "babu ita a nan".

Cutar tana tasowa ne daga fituwitari, wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba, mai nauyin kusan rabin giram, wadda ke zaune cikin wani ɗan gurbin ƙashi a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daidai bayan karan hanci. Duk da ƙanƙantarta, ita ce ke fitar da sinadaran da ke ba sauran sassan jiki umarni: wanda ke sa yaro ya girma, wanda ke kawo ruwan nono ga mai jego, waɗanda ke tafiyar da jinin al'ada da samar da maniyyi, da waɗanda ke zaburar da tayirod na maƙogwaro da 'yan tsokokin da ke saman ƙoda. Akromegali na faruwa ne idan wani ƙari ya tsiro a cikinta ya riƙa kwararo sinadarin girma ba ƙaƙƙautawa. A fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu cutar, ƙarin ba na daji ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa wani wuri. Idan ya fara tun kafin ƙasusuwa su gama tsawo, yaro yakan zama ƙato na ban mamaki, kamar Robert Wadlow na Amurka wanda ya kai mita 2.72 kafin ya rasu a 1940 yana da shekara 22. Idan kuwa ya fara bayan mutum ya mallaki hankalinsa, wanda shi ne ya fi yawa, tsawo ba ya ƙaruwa, sai dai tafin hannu da na ƙafa su faɗaɗa, haɓa ta turo gaba, hanci da leɓɓa da harshe su yi kauri. Likitan Faransa Pierre Marie ne ya raɗa wa cutar wannan suna a 1886.

Rikici na farko a wajen ƙirga shi ne cakuɗa ƙari da cuta. Ƙari a fituwitari abu ne ruwan dare. A 2004 Shereen Ezzat da abokan aikinsa suka tattara binciken gawawwaki da na hoton ƙwaƙwalwa da aka yi a baya, suka ga cewa kusan kashi 17 cikin ɗari na mutane, wato ɗaya cikin shida, na da ɗan ƙari a wannan wuri. Kafin su, a 1994, an ɗauki hoton MRI, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki, na lafiyayyun mutum ɗari a Amurka, aka ga alamar ƙari a goma daga cikinsu. Mafi yawan waɗannan ƙananan ƙari ba sa fitar da komai, ba sa girma, mai su yakan yi tsawon rai ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa sanin da zamansu ba. Ƙarin da ke kai mutum gaban likita kuwa kusan ɗaya ne cikin mutum dubu, kuma a cikin waɗannan ma akromegali kusan kashi ɗaya ne cikin goma, domin mafi rinjaye su ne masu fitar da furolaktin, sinadarin ruwan nono, sai waɗanda ba sa fitar da kowane sinadari. Saboda haka maganar cewa ɗaya cikin shida na da ƙari gaskiya ce, maganar cewa ɗaya cikin dubu goma ne ke da akromegali ita ma gaskiya ce, kuma wanda ya ji ta farko ya tsorata ya ɗauki amsar wata tambaya ce ya ɗora wa wata. Tarayyar Turai tana kiran cuta da "mai wuyar samu" idan ba ta kama fiye da mutum ɗaya cikin 2,000 ba. A wannan ma'auni, ƙarin fituwitari gaba ɗaya ya fita daga sahun, akromegali kuwa tana ciki daram.

Rikici na biyu shi ne cakuɗa adadin sababbin masu cutar a shekara da adadin duk waɗanda ke raye da ita a rana guda. Na farko bai cika motsi ba: yawancin bincike suna ba da mutum 3 zuwa 4 a miliyan kowace shekara, kuma wani babban nazari da aka wallafa a 2021, wanda ya haɗa bincike fiye da talatin, ya tsaya a kan 3.8. Na biyun kuwa ya dogara ne da tsawon ran da mai cutar ke yi bayan an gano ta. Lissafin mai sauƙi ne. Idan mutum huɗu ne ake ganowa a shekara, kuma kowannensu ya rayu shekara goma bayan haka, za a riƙa samun arba'in a raye a kowane lokaci. Idan magani ya inganta har suka riƙa kaiwa shekara ashirin da biyar, adadin ya zama ɗari, ba tare da an sami ƙarin mutum ko ɗaya da ya kamu ba. Wannan ne ya faru a Turai. Binciken da aka yi kafin magani ya bunƙasa ya nuna cewa mace-mace a tsakanin masu akromegali ya ninka na sauran jama'a sau biyu ko fiye, galibi ta hanyar ciwon zuciya da na numfashi. Daga baya aikin tiyata ta cikin hanci ya inganta, allurar oktiriyotid mai rage sinadarin girma ta shigo a shekarun 1980, wasu magungunan suka biyo baya, har ta kai ga wanda aka shawo kan sinadarinsa yana yin tsawon rai kusan daidai da na kowa. Ke nan ƙasar da adadinta ya hau tana iya kasancewa ƙasar da ta fi iya riƙe marasa lafiyarta a raye, wadda adadinta ya yi ƙasa kuma tana iya kasancewa wadda suke mutuwa da wuri, ko suke mutuwa ba tare da an san abin da ya kashe su ba.

Alƙaluman nan na 40 zuwa 70 da suka daɗe a littattafai sun fito ne daga rajistar manyan asibitoci. Ɗaya daga cikin na farko shi ne binciken yankin Newcastle na Ingila da aka wallafa a 1980, wanda ya ba da kusan 40 a miliyan. Hanyar ita ce a buɗe kundin asibitin ƙwararru, a ƙirga masu cutar, a raba da yawan mutanen yankin da ake zaton asibitin na yi wa hidima. Raunin wannan hanya a fili yake, domin ba ta ganin wanda bai iso asibitin ba, da wanda ya tafi wani gari neman magani, da wanda aka yi wa aiki shekaru da suka wuce ya daina zuwa. A 2006 Adrian Daly da Albert Beckers da abokansu na Liège a Beljiyam suka juya tsarin. Suka zaɓi wasu ƙananan yankuna uku masu mutum 71,972, suka bi likitocin unguwa ɗaya bayan ɗaya, suka tantance kowane mara lafiya da hoto da gwajin jini. Sun sami mutum 68 masu ƙarin da ke buƙatar kulawa, wato ɗaya cikin 1,064, adadin da ya ninka abin da aka sani a da sau uku da rabi zuwa biyar. Tara daga cikinsu masu akromegali ne. A 2010 aka maimaita irin wannan a garin Banbury kusa da Oxford, cikin mutum fiye da 81,000, aka sami 63, bakwai daga ciki masu akromegali, wato 86 a miliyan. Aisland kuwa, da yake mutanenta ba su wuce 330,000 ba a lokacin, kuma duk mai irin wannan matsala kusan asibiti ɗaya yake komawa, sai aka iya bin kundin ƙasar baki ɗaya tun daga 1955, aka sami fiye da 130 a miliyan.

Akwai abin lura a nan wanda masu kawo waɗannan alƙaluma ba su cika ambata ba. Adadin Liège na 125 a miliyan mutum tara ne kacal, na Banbury mutum bakwai. Da a ce iyali ɗaya sun yi ƙaura daga Banbury da mara lafiyarsu kafin ranar ƙirga, da adadin ya sauko daga 86 zuwa kusan 74. Bambancin da ke tsakanin Beljiyam da Ingila bai wuce na mutum biyu ko uku ba, kuma bai kamata a gina wani bayani a kansa ba. Haka ƙirgar cuta mai wuyar samu take: wanda ya ɗauki ƙaramin yanki zai gano kusan kowa amma adadinsa zai riƙa rawa, wanda ya ɗauki ƙasa guda zai sami adadi tsayayye amma mutane da yawa za su suɓuce masa. Ni dai na fi natsuwa da inda hanyoyin biyu suka haɗu, wato tsakanin 60 da 130 a miliyan ga ƙasashen da ke da ingantaccen tsarin lafiya, kuma nazarin 2021 da na ambata ya ba da matsakaicin 59 idan aka haɗa da ƙasashen da adadinsu ya yi ƙasa.

Duk waɗannan sun ƙirga waɗanda aka riga aka gano ne, kuma a nan ne babban giɓin yake, domin akromegali cuta ce mai tafiyar hawainiya. Wani bincike na ƙasar Suwidin da aka wallafa a 2020, kan mutum 603, ya nuna cewa matsakaicin jinkiri tsakanin bayyanar matsala ta farko da gano cutar shekara biyar da rabi ne, kuma kusan ɗaya cikin huɗu sun haura shekara goma. Wannan a ƙasar da ganin likita ba ya buƙatar sayar da akuya ke nan. Dalilin jinkirin shi ne canjin kamanni yana zuwa ne kaɗan-kaɗan, ta yadda matar mutum da 'ya'yansa, masu kallonsa safe da yamma, su ne na ƙarshe da za su lura. A ɗauki magidanci mai shekara arba'in da 'yan kai. Hular da ya saba sa wa ranar Juma'a ta fara matse masa kai, ya ce wanki ne ya tsuke ta. Zoben azurfarsa ya ƙi fita sai da sabulu, ya ce ƙiba ce. Takalminsa ya tashi daga lamba 42 zuwa 44, ya ce na yanzu ne ba sa cika awo. Wushiryar da bai taɓa da ita ba ta buɗe a haƙoransa na ƙasa, muryarsa ta yi kauri, gumi ya riƙa jiƙa masa riga ko a lokacin sanyi, minsharinsa ya hana iyali barci. Kowace matsala da inda yake kai ta: hawan jini da ciwon suga asibitin unguwa, ciwon gwiwa da mutuwar yatsu kantin magani, ciwon kai kuma a ce gajiya ce. Idan ƙarin ya girma ya danne mahaɗar jijiyoyin ido da ke samansa, sai ganin gefe ya fara tafiya, ya riƙa karo da dokin ƙofa, ko mai babur ya fito masa ta gefe bai gan shi ba, sai a kai shi a yanka masa tabarau. Sau da yawa wanda ya fara cewa "Malam, ai kamanninka sun canja" tsohon aboki ne da suka shekara goma ba su haɗu ba, ko likitan da ya nemi ganin hoton tsohon katin shaida. Shi ya sa kusan kashi 70 cikin ɗari na masu cutar ana gano su ne bayan ƙarin ya wuce santimita ɗaya, lokacin da cire shi gaba ɗaya ya fi wuya.

Ma'anar wannan ga lissafi ita ce, a kowace rana akwai rukunin mutanen da ke da cutar amma babu sunansu a kowane kundi. Idan mutum huɗu a miliyan ke kamuwa a shekara, kuma kowanne yana ɗaukar shekara biyar zuwa goma kafin a gano shi, to akwai ƙarin mutum 20 zuwa 40 a miliyan da ke yawo da ita a ɓoye, ban da waɗanda ba za a taɓa ganowa ba. Wasu masu bincike sun yi ƙoƙarin kamo waɗannan kai tsaye. A Jamus, a wani aiki da aka wallafa a 2008, an auna sinadarin IGF-1, wanda hanta ke fitarwa bisa umarnin sinadarin girma, a jinin mutum 6,773 da suka je ganin likitan unguwa saboda wasu dalilai daban, aka sami bakwai da gwajinsu ya nuna cutar, wato 1,034 a miliyan. Wannan adadi yana buƙatar taka-tsantsan, domin masu zuwa asibiti sun fi sauran jama'a yawan shekaru da yawan ciwon suga da hawan jini, waɗanda akromegali kanta ke haddasawa, saboda haka ba su wakilci mutanen gari ba. A Birazil kuma, a birnin Belo Horizonte, an bi hanya mai rahusa: an yi wa mutum 17,000 tambaya biyu, ko lambar takalminsu ta ƙaru a shekara biyar da suka wuce, ko zobensu ya matse har sun canja shi. Waɗanda suka amsa da i, kusan ɗaya cikin ɗari, su kaɗai aka ɗebi jininsu, kuma aka gano sababbin masu cutar biyar, kusan 300 a miliyan ke nan. Ba na ɗaukar ko ɗaya daga cikin waɗannan biyu a matsayin ainihin adadi, amma dukkansu sun nuna hanya ɗaya: inda aka fita nema, ana samun fiye da abin da kundi ya faɗa.

Ba za a ce duk bambancin na ƙirga ba ne. Akwai wuraren da cutar ta fi yawa da gaske, kuma misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Ayaland ta Arewa. Charles Byrne, ƙaton da ya rasu a Landan a 1783 yana da shekara 22, ƙasusuwansa sun shafe fiye da ƙarni biyu a gidan tarihin Hunterian da ke Landan. A 2011 ƙungiyar masu bincike ta Márta Korbonits ta wallafa sakamakon gwajin ƙwayoyin gado da aka ciro daga haƙoransa, inda aka ga yana da tangarɗa a ƙwayar gadon da ake kira AIP, irin wadda wasu iyalai huɗu na wannan yanki ke ɗauke da ita a yau, alamar cewa kakansu ɗaya ne tun ƙarnoni masu yawa. Da aka gwada jama'ar tsakiyar Ulster, wani sashe na Ayaland ta Arewa, daga baya, an sami kusan ɗaya cikin 150 na ɗauke da ita, ko da yake mafi yawan masu ɗauke da ita ba sa yin ƙari. A tsibirin Sisili na Italiya kuma an sami 97 a miliyan a lardin Messina, amma 210 a yankin Milazzo mai masana'antu, abin da ya sa ake zargin gurɓacewar muhalli, zargin da har yanzu bai kai matsayin hujja ba. Irin waɗannan wurare ƙanana ne, ba sa bayyana dalilin da ya sa Meksiko ta sami 18 Denmak ta sami 85.

Idan aka ɗauko ma'aunin nan aka ɗora shi kan Najeriya mai mutum fiye da miliyan 200, 60 a miliyan zai ba da sama da 12,000, 130 kuma sama da 26,000. Jihar Kano kaɗai, da mutum miliyan 9.4 na ƙidayar 2006, za ta sami fiye da 500 a ƙaramin ma'auni. Dole a rage wannan lissafi ta fuska biyu. Kusan rabin 'yan Najeriya ba su kai shekara 18 ba, alhali cutar ta fi bayyana tsakanin shekara 40 da 50, sannan wanda bai sami magani ba ba ya daɗewa kamar takwaransa na Turai. Amma ko an raba adadin biyu, dubbai ake magana. Abin da ake wallafawa daga asibitocin koyarwa na ƙasar galibi rahoton marasa lafiya ne 'yan ƙalilan da suka iso da kansu, yawancinsu bayan ido ya fara tafiya, kuma wannan ba ya nuna ƙarancin cutar, yana nuna tsawon hanyar da mutum zai bi ne: sai wani ya yi zargi, sai an sami inda ake gwajin IGF-1, sai an biya kuɗin hoton MRI, sai an kai ga ƙwararren likitan sinadaran jiki a Kano ko Zariya ko Sakkwato. A kowane mataki wasu suna zubewa, kuma wanda ya zube ba ya shiga lissafin kowa.

Akwai wata cutar fituwitari da lamarinta ya sha bamban, domin ita yawanta yana canjawa da gaske daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma ta fi akromegali kusanci da gidajenmu. Ita ce wadda likitan binciken gawa Harold Sheehan ya bayyana a Glasgow a 1937, ake kiranta da sunansa. A lokacin goyon ciki fituwitari tana kumbura har ta kusa ninka girmanta, saboda shirin samar da ruwan nono, kuma buƙatarta ta jini tana ƙaruwa. Idan mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa har bugun jininta ya faɗi, sashen gaba na tsokar yana iya mutuwa. Matar ta tsira da ranta, an yi barka, an yi suna, amma ruwan nono ya ƙi zuwa, jinin al'ada bai dawo ba ko bayan yaye, gashin hammata da na mara ya zube, kasala da jin sanyi da ɗashewar fata suka zama abokan zamanta. Bincike a Faransa da Turkiyya ya nuna jinkirin gano ta yana kaiwa shekara tara zuwa ashirin, kuma wasu ba a gane su sai ranar da zazzaɓi ko gudawa ya jefa su cikin suma saboda ƙarancin sinadarin kotisol, wanda 'yan tsokokin saman ƙoda ke fitarwa bisa umarnin fituwitari.

A Aisland, inda kusan kowace haihuwa a gaban ungozoma mai horo ake yinta, kuma jinin da za a ƙara wa mai haihuwa yana kusa, an sami mata 5.1 cikin 100,000 a 2009. A kwarin Kashmir na Indiya kuwa, Abdul Hamid Zargar da abokan aikinsa sun bi mata 11,700 a cikin al'umma, suka wallafa a 2005 cewa kusan kashi 3 cikin ɗari na matan da suka haihu, masu shekara 20 zuwa sama, na da wannan matsala, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a gida suka haihu. Rukunan matan da aka ƙirga a wuraren biyu ba iri ɗaya ba ne, amma tazarar ta ninki ɗaruruwa ce, ta fi ƙarfin a jingina ta ga hanyar ƙirga. A littafin da aka rubuta a Turai, cutar Sheehan tana cikin masu wuyar samu, kuma marubucin ya faɗi gaskiyar ƙasarsa. Ɗalibin likita a Katsina ko Maraɗi da ya haddace wannan jumla kuwa ya haddace gaskiyar wani wuri ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, arewa maso yamma kuma ta yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, kuma mata 512 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000, zubar jini yana sahun gaba cikin dalilan. A duk inda mata ke mutuwa da zubar jini, waɗanda suka zubar suka rayu sun ninka su yawa, kuma daga cikinsu ne cutar Sheehan ke ɗiba. Yanayin haihuwa a karkarar arewa ya fi kama da na Kashmir na wancan lokaci fiye da na Aisland, kuma abin da ke damuna shi ne irin wannan mace an fi fassara halinta da lalaci, ko ƙarancin jini, ko shafar iska, wani lokaci har aurenta ya mutu saboda haihuwa ta tsaya.

Abin da ya sa wannan ke da ciwo shi ne maganinta ba shi da tsada idan aka kwatanta da na akromegali. Ƙwayar haidurokotison, mai maye gurbin kotisol, da ta lebotairoksin, mai maye gurbin sinadarin tayirod, a sha kullum bisa awon likita, suna iya dawo da mace cikin hayyacinta a 'yan makonni, muddin an fara da ta farko kafin ta biyu, domin juya tsarin yana da haɗari. Matakin farko na gano ta ma ba ya buƙatar na'ura. Ma'aikaciyar jinya a asibitin karkara za ta iya tambayar duk macen da ta zo da kasala mai tsawo: "Hajiya, a haihuwarki ta ƙarshe kin zubar da jini sosai? Kin sami ruwan nono? Al'adarki ta dawo?" Haka shi ma mai duba masu ciwon suga da hawan jini zai iya ƙara tambayar takalmi da zobe da hula, kamar yadda aka yi a Belo Horizonte, ya tura ɗaya cikin ɗari da suka amsa da i zuwa gwajin jini. Ƙaramar hukuma biyu ko uku masu mutum dubu ɗari-ɗari, da aka bi su unguwa-unguwa irin yadda aka bi yankunan Liège, sun isa su ba da adadin farko na cututtukan biyu da za a iya kira namu.